Shaidar Farce

Duk wanda ya tashi a Jos ya san zafinmu baƙo ne, ba ya zama har ya miƙe ƙafa. Yakan iso wajen ƙarshen Fabrairu, bayan hunturu ya gama tsattsage mana leɓɓa da dugadugai, ya yi Maris, ya taɓa Afrilu, sa'an nan hadari ya haɗo ta bisa duwatsun Shere ya sallame shi. Garin yana kan tudu ne mai tsawon wajen mita 1,200 daga gaɓar teku, saboda haka abin da muke kira zafi, in aka kai wa Basakkwace, hamdala zai yi ya ce an sami sauƙi. Amma jiki da abin da ya saba. A wurinmu waɗannan 'yan makonni su ne kaɗai lokacin da yaro zai tuɓe riga ya faɗa ruwa ba tare da haƙoransa sun kama kaɗawa ba. Dogon hutun makaranta kuwa, wanda a ƙasar Ingila yakan dace da lokacin ɗuminsu, mu a nan tsakiyar damina yake riskarmu, ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, yara na ƙudundune cikin rigunan sanyi suna leƙen taga. Hutun da yake namu na haƙiƙa shi ne ɗan guntun nan na ƙarshen zango na biyu.

A irin wannan hutu ne, cikin Afrilun 2025, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, yaran gidanmu suka haɗa goron sallarsu wuri guda, suka turo mana autarsu da saƙo, don sun san ita ce ba a iya ce wa a'a. Wai sun ga wani bahon roba a wani shago wajen Taminus, irin wanda ake hurawa ya kumbura a zuba ruwa a shiga. Kuɗinsu bai kai rabi ba. Muka cika, muka ɗauko shi a bayan mota, aka shimfiɗa shi a tsakar gida tsakanin bishiyar gwaiba da igiyar shanya. Mun ji an ce attajiran Amurka a bayan gidajensu suke gina wurin iyo. Mu dai ba za mu iya faɗin haka da bakinmu ba, domin kalmar bayan gida ta daɗe da kama wani aikin a Hausa.

Hura shi bai ba mu wahala ba, mai faci ya yi mana cikin minti biyar. Cika shi ne aiki. Famfon unguwarmu ya daɗe da zama abin ado, rijiya kuma ta ja da baya kamar yadda takan yi kowace bazara, sai da muka tsayar da ɗan garuwa ya juye kura guda da rabi kafin ruwan ya kai gwiwar auta. Inna, wato mahaifiyarmu, tana zaune kan tabarma a inuwar gwaiba tana ƙirga jarkoki da idanu. Da aka juye ta ƙarshe sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an sayi ruwa don a zauna cikinsa ba, amma boko ai ba a rasa shi da abin mamaki. Aka yi sulhu da ita a kan cewa duk ruwan da aka gama da shi, na 'yan shukokinta ne na alayyafo da tattasai.

Kafin la'asar gida ya cika. 'Ya'yan maƙwabta suka yi layi a zaure, wasu da gajeren wando, wasu da zanen uwarsu a kafaɗa. Uwargida ta zama alƙali, tana shigar da su huɗu-huɗu, tana fitar da duk wanda ya danna kan wani cikin ruwa. Aka yanka kankana, aka wanke mangwaro cike da roba, aka yi ihu har liman ya aiko a rage murya. Kwana uku ana haka. Mu kuwa muna daga ɗakin karatu da takardun jarrabawar ɗalibai a gabanmu, rabin hankalinmu na kan jan biro, rabi na tsakar gida, muna taya kanmu murna mun tsare yara a gida da kuɗi kaɗan.

Mutum guda ne bai shiga ba, babban ɗanmu, mai shekara 13. Yana zaune kan dakali yana kallon ƙannensa da wani irin murmushi, irin na wanda ya ci tuwon gidan sarki aka kawo masa ɗumame. Mun ɗauka girma ne ya fara zo masa. Inna ba ta ɗauka haka ba. Ran na uku da yamma, ya dawo daga inda ya ce ƙwallo ya je, ta kira shi da sunan wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Maigida, zo nan in ga ƙafar nan taka."

Ya matso yana dariya. Ta kama ƙwaurinsa, ta sa farcen babban yatsa ta ja daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu. Wani farin layi ya fito fes, kamar an zana da alli.

"Wane ruwa ka shiga?"

Dariyar ta ɗauke. Mu ma da muke tsaye bakin ƙofa sai muka ji ƙwaurinmu ya yi yar, domin wannan farcen mun san shi. Fiye da shekara talatin da suka wuce shi ne ke jiranmu kowace yamma a gidanmu na Bukur. Ruwan kududdufi yakan bar laka mai laushi a fata, wadda ido ba ya gani in ta bushe, amma farce na tona ta. Mun gwada shafa man gyaɗa, mun gwada birgima cikin ƙura, ba wanda ya taɓa cin nasara a kan wannan shaida.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi tambaya, me ya kawo kududdufai haka a kan tudu? Amsar ita ce kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai sun san narkar da ita, fatake na kai ta kasuwanni. A farkon ƙarni na 20 Turawan kamfani suka biyo sawunta har suka kafa sansani a Naraguta, a 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, daga nan sai tudun ya zama wurin haƙa tun daga Jos har Bukur da Barikin Ladi. Kuzar tana kwance ne cikin tsakuwar tsofaffin magudanan ruwa da ƙasa ta binne, don haka sai an kwashe duk abin da ke samanta, da farko da diga da kwano a ka, daga baya da manya-manyan injuna, kafin a kai gare ta a wanke. Ƙasar da aka kwashe ita ce tsibin nan ja da muke gani an daddasa wa itatuwan turare. Ramin da aka bari kuwa, ruwan sama da na ƙasa suka haɗu suka cika shi. Kakanmu na wajen uba yana cikin dubban talakawan da aka ɗebo daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, Ingila ta matsu da kuza don yaƙi, aka mai da haƙar aikin tilas. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Shi ya rayu, ya ƙi komawa ƙauyensu na ƙasar Katsina, ya yi aure a bariki. Ko da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, kamfanoni sun riga sun fara naɗe tabarmarsu, suka bar mana ɗaruruwan ramuka ba shinge ba mai gadi. Watau ruwan da muka yi wasa cikinsa muna yara, kakanninmu ne suka haƙa mazauninsa da hannunsu, a kan ladan da bai isa ya saya musu bargo ba.

Ba za mu yi wa kududdufin nan butulci ba, ya yi mana rana. Namu yana bayan unguwa, tafiyar minti goma ta cikin gonakin dankali masu shingen ƙerana. Da rani masu lambu ke jan ruwansa su shayar da kabeji da karas da tumatir, mata na wanki a gefe guda, Fulani na shayar da shanu a ɗaya gefen. Mu kuma da zarar an tashi daga makarantar allo da hantsi, sai a yi fito, a haɗu gindin wani dutse. Akwai 'ya'yan Birom, akwai Angas, akwai Ibo ɗan mai gyaran rediyo, akwai Bayarabe ɗan tela, kowa Hausa yake yi, ba wanda ya san wani abu ne daban. A hanya a jefi mangwaron mutane, a kama fara, a yi langa a kan yashi. Wanda ya koya mana iyo wani yaro ne Birom da ya girme mu da shekara biyu. Ya sa muka rungumi jarkar da ba kome ciki, ya riƙe mana haɓa, yana faɗa mana kada mu yi kokawa da ruwa, mu kwanta masa kawai. Ya kuma nuna mana iyaka: daga wannan dutse zuwa wancan kututture ƙafa na taɓa ƙasa, bayan nan babu. Duk ilmin da ya tsare ranmu a wurin ɗan shekara goma sha huɗu muka same shi, a ɓoye, tare da sanin cewa bulala na jiranmu a gida.

Ranar wata Laraba cikin Afrilun 1993 wani ɗan maƙwabtanmu ya biyo mu. Yaro ne mai ladabi, wanda iyayenmu ke buga mana misali da shi. Mahaifinsa ya yi rantsuwa a kan duk ranar da ya ji ya je bakin ruwa, shi kuma bai taɓa saɓawa ba sai ran nan, da zafi ya yi zafi, muka yi ta yi masa gori. Bai tuɓe ba ma. Ya zauna kan gaɓa ya zura ƙafafu, nesa kaɗan da inda muke, a wurin da duk wanda ya saba ya san ba a zama. Gaɓar ta zabtare. Abin da muka gani ba irin na fim ba ne, ba ihu, ba ɗaga hannu. Kansa ya fito sau ɗaya, bakinsa a buɗe ba sauti, sai ruwan ya haɗe. Malamin iyonmu ya yi nutso har sau huɗu, ya fito leɓɓansa sun yi fari yana rawar ɗari.

Kududdufin kuza ba kamar rafi ba ne da ke zurfi a hankali yana ba mutum shawara. Bangonsa a tsaye yake kamar na rijiya, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya ƙugu da wanda ya shanye dogon mutum sau biyar. Samansa rana ta ɗumama shi, amma ƙasa kaɗan sanyi ne mai ɗaure jijiya. Ga laka a gindi mai riƙe ƙafa, ga duhun da ba a ganin tafin hannu. Daren nan duk unguwa a bakin ruwa ta kwana da fitilun ƙwai, masu salla na yi, masu addu'ar coci na yi, tsofaffin leburorin kuza na jefa ƙugiya da igiya. Sai washegari da azahar ya taso. An yi mana dukan da ba mu taɓa sha ba, ba mu kuwa ji zafinsa ba. Kafin wata guda, rabinmu sun koma ruwa.

Mun sha tsayawa gaban ɗalibai muna nazarin yadda Bahaushe ke kallon ruwa a adabinsa na baka. A tatsuniya, rafi gidan Dodo ne, budurwa ba ta haye shi sai da alkawarin da zai dawo ya ci ta. A bori akwai Sarkin Rafi. A bakin iyaye mata akwai 'yan ruwa masu jan ƙafa. Ko a maganar yau da kullum ba mu cewa mutum ya kasa iyo, sai mu ce ruwa ya ci shi, mun ba shi baki da yunwa, mun mai da abin ƙaddarar da ba ta da magani sai nisanta. Wannan hikima ce ta mutanen da suka zauna a fili, inda kogi ke ƙafewa rabin shekara, kuma ta yi musu amfani. Amma ba duk Hausa ba ce haka. Bakabe na Argungu da Basarke na ƙasar Yawuri ba su tsorata ɗansu da ruwa, jefa shi ciki suke yi tun yana ƙarami suna tsaye a kansa. Malamai kuma sun daɗe suna kawo maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, inda ya yi umurni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mu Hausawan Jos mun zo da tarbiyyar tudu, aka zaunar da mu a tsakiyar ramuka, ba mu kuwa sake tarbiyyar ba. A cikin mu bakwai da muka je ran nan, shida masu saɓa wa iyaye ne, su ne suka dawo gida.

Wannan lissafi ne ya hana mu ɗaukar bulala, ko da yake hannu ya yi ƙaiƙayi. Washegari bayan sallar asuba muka ce wa yaron ya ɗauko igiyar guga ya kai mu inda suke zuwa. Ba na Bukur ba ne, wancan gida mun bar shi bayan rikicin Janairun 2010, kamar yadda dubban mutane na kowane ɓangare suka bar nasu tun daga Satumban 2001, kowa ya koma inda masu irin sunansa suka fi yawa. Wannan wani ne a bayan unguwar da muke yanzu, amma kamar an ɗauko wancan an dire: jar gaɓa, koren ruwa shiru, itatuwan turare. Muka tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ba kowa, suna dai kallon juna. Muka tambaye shi yaran da muka hango a ƙetare fa? Ya ce, "Ai Baba, su can suke wankansu, mu nan." Ya faɗe shi kamar mai faɗin gabas da yamma. Ba mu ce kome ba, amma mun tuna hannun da ya riƙe mana haɓa.

Muka ce ya nuna mana inda yake tsammanin ya fi sani. Ya nuna gindin wani dutse da suke tsalle daga kansa. Muka ɗaura wa igiyar dutse, muka ba shi ya saki da hannunsa. Ta yi ta tafiya tana zamewa cikin yatsunsa, gaba ɗaya, gaba uku, gaba biyar, har ƙarshenta ya zo, gaba bakwai cif, dutsen bai sami wurin zama ba. Ya tsaya riƙe da bakin igiyar yana duban ruwan. A nan ne muka ba shi labarin 1993, wanda ko uwarsa ba mu taɓa ba cikakkensa ba, har da gorin da muka yi, domin muna cikin waɗanda suka yi shi.

A gida aka yi zaman shawara. Muka ce za mu kai su wani otal mai wurin iyo a koya musu sosai, a wurin mai koyarwa, inda ake ganin ƙasan ruwa. Inna ta ce wannan shi ne a ba ɓarawo ajiyar makulli, ai gwani ma ruwa na cinsa. Maganarta ba ta rasa gaskiya ba, kuma har yau ba mu da amsar da ta rufe ta ruf. Wanda ya iya yakan yi ganganci da wanda bai iya ba ba zai yi ba. Abin da muka iya ce mata shi ne, shekara nawa ta yi tana dukanmu, kwana nawa muka fasa zuwa? Ta yi shiru, sa'an nan ta ce to ban da macen. A nan uwargida, wadda ba ta cika sa baki in Inna na magana ba, ta gyara zama ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, su wa ke wanki a bakin ruwan nan? Namiji da niyya yake zuwa, mace kuwa santsi ne ke kai ta, ga zane ya naɗe mata ƙafa." Aka samo wata mai koyarwa mace, da sassafe kafin wurin ya cika, da riga da wando har idon sawu.

Kuɗin ya ci mana abin da muka tanada don gyaran mota, motar kuwa har yanzu tana tari. Mun kuma san wannan mafita ce ta mai albashi. Yaran da suka yi layi a zaurenmu, ba ɗaya cikin goma da ubansa zai iya biyan ko kuɗin shiga, kuma ba makarantar da ke unguwarmu, ta boko ko ta allo, da ta ɗauki iyo a matsayin abin koyarwa. Da bahon robar ya huje a mako na uku, mun san inda mafi yawansu suka koma. Babban namu yanzu yakan ce yana nuna wa abokansa yadda ake kwantawa a bayan ruwa, da yadda ake miƙa wa mai nutsewa sanda ko jarka maimakon a faɗa masa. Ta yaya yake nuna musu, a kan tudu ko a ciki, ba mu matsa da tambaya ba, shi ma bai matsa da bayani ba.

Ruwan farko ya sauka a makon ƙarshe na Afrilu, da iska da ƙanƙara kamar yadda yakan yi a nan. Aka naɗe robar aka cusa ƙarƙashin gado. Alayyafon Inna ya yi kyau a shekarar fiye da kullum, ko da yake ba ta yarda ruwan wanka ne sanadi ba.

Farcen dai bai yi ritaya ba. Matsalar da ta samu ita ce ruwan otal ma yana busar da fata, layin yakan fito ko wane ruwa aka shiga. Ran Asabar ɗin farko da suka dawo, ta ja ƙwaurinsa, layi ya fito, ya ce, "Hajiya, ai da Baba muka je." Ba ta amsa ba. Ta jawo hannunsa ta kai hanci ta shinshina, ta ji warin maganin da suke zuba wa ruwan, ta yamutsa fuska ta sake shi.

"Je ka. Gobe ma ka zo in shinshina."